Labaran Magini da Bangon da Yake Gumi

"To, ai ka gani da idonka," in ji Alhaji Idrisu, yana nuna bangon da bakin sandarsa. "Ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ga bangona, ga tukunyarta. Taku nawa ne a tsakani?"

"Huɗu," in ji Labaran. "Na ƙirga."

"Bon, madalla. Taku huɗu. Gobe da hantsi mai unguwa zai zo. Abin da nake so ka faɗa masa ke nan da bakinka na magini: ruwan tumbin matar nan ne yake cin gidana. Shi ke nan, ta kwashe tarkacenta ta nemi wani wuri."

Memuna tana durƙushe a tsallaken lungun, hannunta cikin daro tana tatsar hanjin saniya. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Shekarata goma sha ɗaya a nan, Alhaji," ta ce. "Da na zo, tsamiya ce a wurin gidan nan naka. Ban taɓa jin tsamiyar ta kai ƙarata ba."

Masu jiran romo a kan benci suka tuntsire da dariya. Alhaji ya yi tsaki ya shige gida.

Wannan a unguwar Gema ne, cikin garin Faraku, a daminar shekara ta shida bayan samun 'yancin kai. Rumfar ɗinkina tana kallon lungun, don haka duk abin da ya faru a kan idona ya faru, abin da ban gani ba kuma Baba Labaran ya gaya mini da kansa.

Alhaji Idrisu falken shanu ne, mutumin Jugu, ya dawo Faraku da zama saboda jirgin ƙasa. Gidansa shekara biyu kacal da ginawa: tubalin ƙasa, shafen siminti, rufin kwano mai ƙyalli. Bango uku lafiya lau. Na huɗun, na gabas, wanda yake bayan ɗakin kwanansa, shi ne abin ƙyama. Simintin ya kumbura ya ɓare kamar fatar mai ƙazuwa. Inda ya ɓare, tubalin ya yi baƙi ya jiƙe, wani farin abu kamar garin rogo ya feso a kansa, ga gansakuka, ga funfuna. Zarni kuwa, in iska ta juyo, sai na ajiye almakashi na toshe hanci. Baƙin Alhaji sun fara yi masa ba'a a kara, wai ya gina makewayi ya sa masa ƙofar ƙarfe.

Gaskiya kuma wurin Memuna ba wurin da za a yaba ba ne. Kayan ciki take saye a mayanka tun asuba, ta wanke a nan, ta dafa a nan. Koren ruwan tumbi yana bin lungun, ƙudaje sun yi masa rumfa, karnuka suna jira daga nesa. Amma da tukunyar nan take ci da 'ya'ya huɗu tun da mijinta ya rasu, kuma lungun shi ne hanyar mahauta da 'yan kara. In an tashe ta daga nan, an tashe ta daga cinikin gaba ɗaya. Mai unguwa ya ce ba zai kori mace a kan zato ba, sai wanda ya san gini ya yi magana. Shi ya sa Alhaji ya aika har Jugu aka ɗauko Labaran, ɗan garinsu, don yana ganin na gida ba zai kunyata shi ba.

Labaran a lokacin ya ba hamsin baya. Siriri ne, gajere, kullum da asuwaki a baki. Ban taɓa ganin magini mai ƙyanƙyami irinsa ba. Da moɗarsa yake yawo a jaka, ba ya shan ruwa a ta kowa. Ranar nan tun da ya shigo lungun ya naɗe bakin rawaninsa a hanci, yana ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin taɓo.

"Iya," ya ce wa Memuna, "wannan abin da kike yi, mutane suna ci?"

"Har su lashe kwano, ɗan Jugu. A zuba maka?"

"Allah ya kiyashe ni."

"To in ka zo korata ne, yi maza, wutata tana mutuwa."

Ya tsuguna a gindin bangon ya tona da cokalin gininsa, kamu ɗaya, kamu biyu, har ya kai harsashi. Ya damƙo ƙasar wurin ya murza. Ya bi koren ruwan da ido har inda ya gangara, ya ga kudu yake yi, yana barin gidan a baya. Sannan ya ari tsani ya hau ya duba bakin kwanon, ya sa aka miƙa masa bokitin ruwa ya kwara a kan rufin, ya tsaya yana kallon inda ruwan ya sauka. Ya sauko, ya ja da baya har bakin rumfata, ya daɗe yana kallon bangon, kansa a karkace.

"Malam tela," ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "awakin nan kullum suke zuwa?"

Awaki uku ne a jikin bangon, sun ɗage a kan ƙafafun baya suna lasa. Na ce kullum, har sun yi masa ramuka. Na ce Alhaji ya ce ƙazantar Memuna ce take jawo su.

"Akuya ba ta cin nama," in ji shi.

Sai ya koma ya hau tsanin, ya kai inda ya fi tsayin mutum, ya kankaro farin abin nan da farce. Ya sauke rawanin daga hancinsa, ya cire asuwaki, ya rufe ido, ya ɗora a harshe. Wani mahauci a kan benci ya ajiye kwanonsa ya ce a'uzu billahi. Labaran ya sauko da sauri, ya tofar, ya sake tofarwa, ya kuskure baki da ruwan moɗarsa har sau bakwai, hawaye na zubo masa.

"Mutumin da ya ƙi romona," in ji Memuna, "ga shi yana cin bango."

Da guduma ya ɓalle gutsuren tubali kamar dunƙulen hannu daga can saman. Ya zaga yamma ya ɓallo wani daga bango mai lafiya. Alhaji ya fito yana faɗa, wai an kira shi gyara ya zo rushewa. Labaran ya ce masa ya yi haƙuri zuwa gobe. Ya jera gutsattsarin biyu a bakin murhun Memuna, yana juya su kamar mai gasa doya, har la'asar, har suka bushe ƙayau. Ya kai su zauren mai unguwa, ya roƙa a ɗora su a kan kanta inda ruwa ba ya zuwa, a kulle, kada kowa ya taɓa.

Kafin magariba ya zo rumfata in ɗinke masa aljihun da tsani ya yaga. A nan na tambaye shi inda ya koyi sa ƙasa a baki.

Ya ce shi ɗan gidan goro ne. Kakansa da jakuna ya yi ta zuwa Gwanja, ubansa Ladan kuma ya gaji cinikin a Jugu. Tun yana yaro uban ya koya masa gane goro da harshe, na wace ƙasa ne, kwanansa nawa a huhu. Harshen ya kama, cinikin ne ya ƙi. In mai saye ya zo, sai ya ce masa, "Kada ka ɗauki wannan huhun, akwai sankara a ƙasa." Ya yi haka sau uku, uban ya ce ya tashi ya ba shi wuri kafin ya talauta gida. Ya tafi ƙauyen Seru wurin wani tsoho Bayome, ɗan asalin ƙasar, mai ginin rumbuna, wanda ba ya jin Hausa, shi kuma a lokacin ba ya jin yarensa. Shekara bakwai yana kwaɓa masa ƙasa da ƙafa. Tsohon ba ya taɓa fara gini sai ya tauna ƙasar wurin. In ta yi masa, ya gyaɗa kai. In ba ta yi ba, ya tofar ya ɗauki sandarsa, ko me za a ba shi.

Daga baya ya zo Faraku lokacin Turawa suna gina ɗakunan ajiya a bakin tashar jirgi, ya koyi siminti da igiyar awo. Ya ce siminti abu ne mai kyau in an san shi. Amma tun da aka samu 'yanci kowa so yake gidansa ya yi kama da na kumandan, Baturen mulki, sai a gina da kowace irin ƙasa a lulluɓe da siminti.

"Sabuwar riga a kan gyambo," ya ce. "Ƙasa numfashi take yi. Ka toshe mata hanci, sai ta ruɓe a ciki, a zo a kira ni in sansana."

Yanzu rabin aikinsa ke nan, tsakanin Jugu da Faraku da ƙauyukan hanya: duba bangon da ya yi naso. Ya ce abin da ya fi damunsa ba warin ba ne. Duk gidan da ya je, kafin ya iso an riga an sami mai laifi, kuma bai taɓa tarar da mai laifin nan ya fi mai gidan ƙarfi ba. A wani gari an doki wani bawan Allah wai yana fitsari a bangon masallaci, ashe indararo ne ya tsage.

Na ce, "To na Alhaji fa, Baba?"

"Ɗinka aljihun nan," ya ce. "Gobe ma rana ce."

Da hantsi lungun ya cika. Memuna ba ta hura wuta ba ranar. Ta zauna a kan turmi, ta ɗaure tukwanenta da tsumma kamar mai shirin ƙaura, 'yarta babba tana tsaye a bayanta. Mai unguwa, Baba Ashafa, tsoho mai nauyin jiki, ya zo da gutsattsarin biyu a kan faifai, ya ce makullin zauren a aljihunsa ya kwana.

Na yamma yana nan yadda aka ajiye shi, busasshe. Na gabas ya yi baƙi ya jiƙe, har ya bar shaida a kan faifan.

"Ranka ya daɗe," in ji Labaran, "Memuna ta shiga zaurenka jiya?"

"Da wace ƙafa?"

"To wa ya jiƙa wannan?"

Ya juya ga bangon, yana nunawa da cokalin gini, yana magana a hankali kamar mai koya wa yara alwala.

"In ruwan ƙasa ne yake hawa, daga gindi yake farawa, ya tsaya a layi ɗaya kamar an ja zare, da wuya ya wuce ƙugu. Na tona gindin nan, ya fi saman bushewa. In rufi ne yake yoyo, daga sama zai sauko, ya bar sawu kamar hawaye. Na kwara ruwa, ya sauka nesa da bango. In ruwan Iya ne, sai dai in ruwan tumbi ya koyi hawan tsani, don ga danshi can inda ni ma sai da na taka. Ruwanta kudu yake gangarawa. Ƙazanta ce, ba na musu, jiya ko tuwo ban iya ci ba. Amma ba ita ba ce."

"To mene ne?" in ji Alhaji. Muryarsa ta fara canjawa.

"Bangon ne da kansa. Gishiri ne a cikinsa. Kun san yadda gishiri yake yi a kwano da damina, ba wanda ya zuba masa ruwa, sai ka tarar ya jiƙe. Haka tubalin nan yake tsotsar danshin iska. Awaki sun riga mu ganewa."

Ya ɗora jiƙaƙƙen gutsuren a kan dutse ya buga masa guduma. Ya watse, zarni ya tashi har mutane suka ja da baya. Da tsinke ya riƙa tona ciki yana jerawa a kan faifai: gashin jelar saniya, guntun igiyar kaba, ɓallin ƙofato, wani abu kuma da ba sai an faɗi sunansa ba.

"Wannan gishirin ba na miya ba ne," ya ce. "Fitsarin shanu ne. Na shekara da shekaru. Alhaji, wa ya buga maka tubalin nan?"

"Dogo."

"Na san Dogo. A ramin bayan unguwa yake ɗiba, ƙasarsa ja ce, ga ta nan a bangon yamma. Wannan baƙar daga ina?"

Alhaji ya dubi mai unguwa, ya dubi ƙasa.

Ya ce a gidansu, duk ɗan da zai kafa gida a wani gari yakan ɗebo ƙasa tafi ɗaya daga turken mahaifinsa ya zuba a harsashi, don albarkar dabbobi ta bi shi. Mahaifinsa shekara arba'in yana ɗaure shanu a wuri ɗaya a tsohuwar karar Jugu, kakansa ma a nan ya ɗaure. Da ya tashi gini sai ya ji za a tashi karar a mai da ta wani wuri. Ya ga tafi ɗaya ya yi kaɗan ga mutum kamarsa, kuma in bai kwashe ba wasu za su taka ta banza. Sai ya aika kamyo, babbar motar kaya.

"Kamyo nawa?" in ji mai unguwa.

"Uku."

Wani daga cikin mahautan ya fashe da dariya, sauran suka bi. Alhaji ya ce ya sa Dogo ya buga tubalin bangon ɗakinsa da ita, don ya riƙa kwana da kansa a jikin ƙasar ubansa.

Labaran bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa da ƙasa, ya sake gogewa, fuskarsa a yamutse.

"Na san turken," ya ce. "Muna yara in an aike mu ta nan, da gudu muke wucewa. A bakina na sa shi jiya, Alhaji. Da ka gaya mini tun da na iso, da ka hutar da harshena."

"Ban zaci…"

"Ba ka zata ba. Amma ka zaci na Memuna."

Mai unguwa ya gyara zama. "Memuna, kwance tukwanenki, zauna inda kike. Amma ki sa a haƙa rami a bayan murhun nan ki riƙa zuba ruwanki a ciki, ki rufe. Ni ma hancina ba na dutse ba ne."

"Yau za a haƙa, ranka ya daɗe," ta ce. Ta fara kwance tsumman, 'yarta ta karɓa ta kwance mata.

Mutane suka fara watsewa, kowa yana ɗauke da labarin zuwa kara. Alhaji bai ce wa Memuna komai ba, ko kallon wajenta bai yi ba. Ya jawo Labaran gefe, kusa da rumfata, ya rage murya.

"To, Malam Labaran, yanzu yaya za a yi? A sake shafe shi da siminti mai kauri, buhu nawa kake so?"

"Ko buhu ɗari ka sa, baɗi zai tofar da shi. Gishirin yana ciki, ba ya fita. A jira rani, a tokare rufin, a rushe bangon nan har ƙasa, a gina da jar ƙasa. Tafi ɗaya ka ajiye, yadda iyayenka suka yi. Sauran ka kai gona, dawa za ta gode maka."

"Ƙasar ubana ce, ka ce in zubar a gona?"

"Ubanka shanu ya ɗaure a kanta, Alhaji. Bai kwana a cikinta ba."

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. Can ya ce shi dai a shafe tukuna, a ga abin da Allah zai yi.

"To nemi wani ya shafe," in ji Labaran. "Maginan da ba sa tambaya suna da yawa a garin nan."

Ya roƙe ni sabulu, ya wanke cokalinsa da gudumarsa a bakin rumfa, ya wanke hannu har gwiwa, ya sansana, ya sake wankewa. A tsallake Memuna ta hura wuta, hayaƙi ya fara tashi, benci ya fara cika. Na tambaye shi ko zai kwana. Ya ce ina, akwai wata rijiya a ƙauyen Onkulu da bakinta ya zabtare tun makon jiya, mata suna zuwa rafi, motar Jugu kuma da azahar take tashi in direban ya ga dama. Ya saɓa jakarsa, ya tattare bakin wandonsa, ya tsallake koren ruwan lungun ya nufi tasha.